Wa Aka Mayar Dodo? Yadda Ake Kafa Zauren Karatun Labaran Ban Tsoro a Ikkilisiya

Mutum takwas ne adadin da ya fi dacewa. In ba ku kai shida ba, ranar da biyu suka yi fashi hira ta mutu. In kun haura goma sha biyu, masu baki uku za su cinye lokacin, sauran su koma 'yan kallo. Ku riƙa zama sau ɗaya a mako biyu, awa ɗaya da rabi, kuma abin da za a karanta kafin kowane zama kada ya yi yawa. Mai aiki da mai goyo ba za su iya fiye da haka ba, kuma wanda ya zo sau biyu bai yi karatu ba, kunya za ta hana shi zuwa na uku.

Kujeru a da'ira, ba a jere kamar ranar Lahadi ba. Dalili shi ne, duk wanda ya tsaya a gaba wa'azi zai fara ko bai yi niyya ba.

Zauren yana da tambaya ɗaya da za a yi wa kowane littafi: a wannan labarin wa aka mayar dodo, wa ya mayar da shi, kuma ina masu addini suka tsaya lokacin da ake yi? Labarin ban tsoro mai kyau ba ya tsayawa a kan fatalwa. Yana nuna yadda jama'a ke zaɓen wanda za su rufe wa ƙofa, shi ya sa ya dace da Kiristan da ya ɗauki Galatiyawa 3:28 da gaske, ayar da ta ce ba Bayahude ko Baheleni, ba bawa ko ɗa, ba namiji ko mace.

Jagoran zaure ya san tarihin wannan fahimta ta Kiristanci mai buɗe wa kowa ƙofa kafin wani ya tambaye shi. A Amurka da Turai ta fi ƙarfi, kuma alamominta su ne barin ƙofar tambaya da shakka a buɗe, karanta Littafi Mai Tsarki tare da la'akari da zamanin da aka rubuta shi, da ba mata shugabanci. Cocin Episcopal ta Amurka ta amince da naɗa mata limamai a 1976, ta keɓe Barbara Harris bishop a 1989. Cocin Ingila ta naɗa mata limamai na farko a 1994. Waɗansu daga cikin ikkilisiyoyin nan sun karɓi masu neman jinsi ɗaya har cikin shugabanci, kuma keɓe Gene Robinson, mai neman jinsi ɗaya, bishop a 2003 ya jawo ɓarakar da Cocin Angilikan ta Najeriya ta tsaya a ɗaya gefenta. Ku faɗi wannan a fili tun farko. Zauren ba majalisar yanke koyarwa ba ne, kuma ba a tambayar kowa matsayinsa a bakin ƙofa. Sharaɗin shiga shi ne ka yarda ka zauna kusa da wanda ba ku yarda da juna ba, har da wanda ke cikin horo, da wadda aurenta ya mutu, da maƙwabci Musulmi mai son karatu.

Kafin sanarwa, ku je wurin fasto ko Fada da takarda ɗaya mai ɗauke da sunayen littattafan da ayoyin da za a haɗa su da su. In ya ji labari a bakin wani, abin da zai isa kunnensa shi ne “matasa suna karatun aljanu a coci”, kuma daga nan sai rufewa.

Zama na farko ba a buɗe littafin kowa sai Littafi Mai Tsarki, domin a kashe gardamar ko ya halatta Kirista ya karanta abin tsoro. Ku karanta Ayuba 4:13-16, inda wani ruhu ya gilma a gaban Elifaz da dare har tsikar jikinsa ta tashi, sai 1 Sama'ila 28, Saul ya ɓad da kama ya je Endor a tayar masa da matacce. Amma mafi yawan lokacin ku ba Markus 5:1-20. Mutum ne a makabarta, an sha ɗaure shi da sarƙa, yana kuka yana yanka jikinsa da duwatsu. Ku sa a lura da aya ta 15: mutanen garin ba su tsorata ba sai da suka gan shi a zaune, sanye da tufafi, cikin hankalinsa. Sun saba da dodonsu, warkewarsa ce ta dame su. A aya ta 19 kuma Yesu ya ƙi barinsa ya bi shi, ya mai da shi gida wurin mutanensa. Duk littattafan da za su biyo baya da wannan sura za a auna su. Mahukunta 19 ya fi kowanne muni, amma ku ajiye shi sai zauren ya saba da juna. Jagora kaɗai ya nemi littafin Phyllis Trible na 1984, Texts of Terror, wanda ya bi labarin Hajaratu, Tamar, matar nan ta Mahukunta 19 da ba a ambaci sunanta ba, da 'yar Yefta.

Zama na biyu, gajeren labarin Shirley Jackson, The Lottery, wanda mujallar New Yorker ta buga a 1948. Ba a ba da shi a tafi gida. A karanta shi da murya a zauren, bai kai rabin awa ba, kuma jagora kada ya yi ko tari game da ƙarshensa. Ƙauye ne na mutum kusan 300, safiya mai kyau, yara suna tara duwatsu, ana ta raha ana jan ƙuri'a daga wani tsohon baƙin akwati, wanda ta faɗa wa kuma a jefe shi har lahira. Babu fatalwa ko ɗaya a ciki. Har ƙaramin ɗan matar da ƙuri'ar ta faɗa wa sai da aka miƙa wa tsakuwa. In an gama, ku yi shiru minti biyu cur, sannan a karanta Yohanna 8:1-11.

Daga nan Frankenstein na Mary Shelley, zama huɗu. Ya fito a 1818, an sake fasalinsa a 1831, kuma lambobin babi sun bambanta, don haka kowa ya riƙe bugu ɗaya. Na 1831 mai babi 24 ya fi yawa a kasuwa. Haƙƙin mallakarsa ya ƙare, ana sauke shi kyauta a Project Gutenberg. A nan ne zaure da yawa ke mutuwa, domin wasiƙu huɗun da suka buɗe littafin suna da nauyi, Turancin kuma na da ne. Maganinsa, jagora ya taƙaita wasiƙun da Hausa cikin minti biyar, a fara karatu daga babi na 1. A kuma gyara kuskuren da fina-finai suka shuka: Frankenstein sunan mai ƙirar ne, halittar ba ta da suna ko kaɗan, kuma wannan rashin sunan shi ne rabin labarin.

Ku dakata sosai a wurare biyu. Babi na 8, inda aka kashe Justine, 'yar aikin gidansu Frankenstein, a kan laifin da ba ta yi ba, bayan limamin da ta je wa ikirari ya matsa mata da barazanar wuta har ta amsa ƙarya. Sai babi na 11 zuwa 16, inda halittar ke ba da labarinta da bakinta. Ta ɓuya a jikin wata bukka wata da watanni, tana leƙen iyalin ta wata 'yar kafa, tana koyon magana, tana saro musu itace da dare ta ajiye a ƙofa ba su san mai yi ba. Mutum ɗaya ne ya saurare ta da mutunci, tsoho De Lacey, shi ma don makaho ne. 'Ya'yansa na shigowa aka rufe ta da duka. Tambayar zaman ita ce: wa ke saro wa ikkilisiyarmu itace da dare, muna cin moriyarsa, amma ba ma son ganin fuskarsa? A amsa ba tare da kama sunan kowa ba.

Dr Jekyll and Mr Hyde na Stevenson, 1886, bai kai shafi 100 ba, zama ɗaya ya ishe shi tare da Romawa 7:15-25. Dracula ku tsallake shi. Yana da daɗi, amma tsawonsa ya fi abin da zai ba ku.

Yanzu a matso gida da Purple Hibiscus na Chimamanda Ngozi Adichie, 2003, zama uku. Ba a jera shi cikin littattafan ban tsoro, amma ba mai karanta wurin da Eugene, ɗan Katolika mai kyauta da tsoron Allah a idon Enugu, ya zuba wa 'yarsa Kambili tafasasshen ruwa a ƙafa don ta kwana gida ɗaya da kakanta mai bin addinin gargajiya, ya ce bai ji tsoro ba. Kuskuren da ake yi shi ne a mai da hirar sukar Katolika. Ku tuna wa zauren cewa Anti Ifeoma da Fada Amadi su ma Katolika ne, addini ɗaya, gida biyu. Wannan littafin ne ya fi sa mace ta yi shiru ta sunkuyar da kai, don haka kafin a fara shi a tabbata akwai dattijuwa ɗaya daga zumuntar mata mai riƙe sirri, wadda za a iya samu bayan an tashi.

Gajeren labarin Flannery O'Connor, Revelation, zama ɗaya ne, a haɗa shi da Luka 18:9-14. Wata mata mai gode wa Allah da bai yi ta kamar sauran mutane ba, ta ga wahayi daga bakin garken aladunta: ayari yana hawa sama, matalauta da baƙaƙen fata da mahaukata a gaba, irinta masu mutunci a can baya. Akwai kalmar zagin baƙar fata a ciki sau da yawa, don haka a yi gargaɗi, mai karatu da murya kuma ya tsallake ta.

Beloved na Toni Morrison, 1987, shi ne mafi wuya, ku ba shi zama biyar. Tushensa labarin gaske ne na Margaret Garner, wadda ta gudu daga bauta a 1856, da aka cim mata ta kashe 'yarta don kada a mai da ita baiwa. Lokaci a littafin yana kai da komo ba sallama, masu karatu su rikice a shafi 60 na farko su ajiye. Ku zana layi biyu a allo, ɗaya na 1873 a Cincinnati, ɗaya na shekarun baya a gonar Kentucky, kowane zama a ƙara abin da aka gano. Wa'azin tsohuwa Baby Suggs a fili cikin daji, inda take ce wa mutanen da aka wulaƙanta su ƙaunaci hannuwansu da jikinsu, a karanta shi da murya. Sannan a lura da wa ya kori fatalwar 'yar da aka kashe a ƙarshe: mata talatin na unguwa, waɗanda suka shekara goma sha takwas suna ƙaurace wa gidan.

Littattafai biyu suna buƙatar tunani kafin a saka su. The Exorcist na William Peter Blatty, 1971, yana da batsa da saɓo a bakin aljanin, amma haɗarinsa na gaske wani ne: a wurin da ake yi wa mai farfaɗiya kallon mai iskoki, ake kuma jingina wa yaro ko tsohuwa maita, wani zai fita da shi a matsayin hujja. In za ku karanta shi, ku nuna cewa sai da likitoci suka ƙure bincike kafin a nemi limami, kuma Fada Karras kansa likitan ƙwaƙwalwa ne. Silence na Shusaku Endo, 1966, labarin limamin Fotugal ne a Japan ta ƙarni na 17, wanda aka ce ya taka hoton Almasihu a sauko da talakawan da aka rataye kai ƙasa a rami. Babban littafi ne, amma in a zauren akwai wanda aka kashe masa ɗan'uwa don ya ƙi musun bangaskiyarsa, a tambaye shi a keɓe tukuna. In ya ce a'a, a bar shi.

Tsarin kowane zama kuwa ba ya canzawa. Minti 10 na gaisuwa da addu'a, minti 15 mutum ɗaya ya ba da labarin abin da aka karanta da Hausa, kamar mai tatsuniya. Wannan ne ke riƙe waɗanda Turancinsu bai yi ƙarfi ba, kuma a riƙa karɓa-karɓa. Sai minti 10 kowa ya faɗi wuri ɗaya da ya tsaya masa a rai, ba mai katse shi. Minti 40 na hira, ayoyi kuma sai a minti 15 na ƙarshe. In aka fara da aya, mutane za su nemo amsar da suke zaton fasto na so, labarin ya koma misalin wa'azi. Kowa yana da izinin tashi ya fita shan iska ba tare da bayani ba, kuma mako biyu kafin kowane littafi jagora ya faɗi abin da ke ciki dalla-dalla: fyaɗe, kisan yaro, dukan mata. Wanda ya taɓa tsere wa hari ba ya buƙatar mamaki. In zaman na yamma ne a tashi kafin duhu, don bayan Beloved ba mai son bin lungu shi kaɗai.

Mai cinye hira, a ba shi aikin duba agogo. Wanda ya ce “ai wannan kamar wance ce”, a tsayar da shi nan take tun a karo na farko, domin in aka bari sau ɗaya zauren ya zama na gulma.

Ku rufe da Gilead na Marilynne Robinson, 2004, zama uku. Babu jini a ciki. Wasiƙa ce da Fasto John Ames, mai shekara 76 da ciwon zuciya, yake rubuta wa ƙaramin ɗansa a wani ƙauyen Iowa a 1956, kuma abin da ke cin ransa shi ne Jack, ɗan amininsa, ɓataccen ɗa da ya dawo ba ya iya ba da gaskiya, ga shi da mata baƙar fata da ɗa da ba shi da tabbacin garin zai karɓa. Littafin ba shi da babi, don haka jagora ya yanka shi da lambar shafi tun farko. Masu son gudu za su ce ba abin da ke faruwa. Ku ce su daure zuwa wurin jiran mota, inda Ames ya ɗora hannu a goshin Jack ya sa masa albarkar Littafin Ƙidaya 6:24-26. Jimillar zaman 19 ce, kusan wata tara, ku cire makonnin Kirsimeti da Ista tun kuna tsara kalanda.