Kurakuran da aka fi yi wajen gyaran yoyon mota mai rufin cirewa

Da zarar damina ta kankama, kukan masu Jeep Wrangler iri ɗaya ne: kujera ta jiƙe, kafet yana wari, ruwa yana ɗiga a gwiwar direba daga kusurwar gilashin gaba. Samfurin JK da aka fara a 2007 da JL da ta biyo bayanta a 2018, idan masu rufi mai tauri ne, rufin kashi uku ne, kuma faifai biyun gaba, na saman direba da na fasinja, ana cire su da hannu. Tsarin ba sabo ba ne. Corvette ta 1968 ta zo da rufi mai faifai biyu, haka Camaro da Firebird har zuwa 2002, haka Nissan 300ZX. A duk waɗannan, robar da ke bakin rufin ce kawai tsakaninka da ruwan sama. Motocin da ke shigo mana ta Kwatano ko Legas kuwa sun riga sun sha shekaru, sannan su tarar da zafin bazara da ƙurar hunturu suna jiran su.

Kuskuren da ya fi ɓata mini rai shi ne gam. Mutum ya kai mota gareji, yaron bakanike ya ce, "Alhaji, silikon za mu zuba, an gama," ya bi bakin rufin ya lafta. Wannan ɓarna ce. Ba a yi robar don ta tare kowane ɗigo ba. A jikinta akwai kwari da 'yan ramuka da ke karɓar ruwan da ya kutso, su gangarar da shi ta kusurwar gilashin gaba zuwa waje. Idan gam ya toshe hanyar, ruwan zai taru ya malalo ciki, wataƙila fiye da da. Ga shi silikon ba ya kama roba sosai, bayan 'yan makonni sai ya ɗago ya riƙa tara ƙura, kuma irin mai warin tsami yana jawo tsatsa a ƙarfen da fentinsa ya goge. Ranar da ka so cire rufin, sai ya taho da robar. Idan an riga an zuba, a ɓare shi a hankali da yatsa ko wani abu na roba, ba da wuƙa ba. Inda robar ta ɓalle daga mazauninta, akwai gam na musamman na robar ƙofa, irin wanda kamfanin 3M ke yi, kuma a ƙarƙashinta ake sa shi, ɗan kaɗan.

Abin da ke kai mutane ga gam shi ne rashin neman inda ruwan yake shiga. Kamar rufin kwano ne: inda yake ɗiga daban, inda ya huje daban. Gwajin na mutum biyu ne. Ɗaya ya zauna ciki da tocila, ɗaya ya riƙe tiyo a waje, ruwan yana zuba a hankali ba tare da an matse bakinsa ba. A fara daga ƙasan ƙofa, a dakata 'yan mintuna, a hau zuwa gilashin ƙofar, sai kusurwar gaba, sai tsakiyar da faifan biyu suka haɗu. Wanda ya fara daga sama ya jiƙa ko'ina lokaci guda, bai gano komai ba. Injin feshi na wurin wankin mota ma ba ma'auni ba ne, don ƙarfinsa yana tura ruwa ta robar da lafiyarta ƙalau. Ka gaya wa mai wankin ya nisanta bakin injin daga gaɓoɓin rufin.

Akwai gwajin da ba ya buƙatar ruwa. Sa takardar naira tsakanin roba da faifan, ka kulle, ka ja. Idan ta fito salin-alin ba tare da tirjiya ba, nan ne ba a matse ba. Ko ka shafa alli a robar, ka rufe ka buɗe, inda allin bai hau ɗaya gefen ba shi ne giɓin.

Sau da yawa ma robar ba ta da laifi, ɗorawar ce. A Wrangler, faifan dama ake fara sawa, sannan na hagu, wato na direba, domin shi ne yake hawa kan ɗan'uwansa. Wajen cirewa kuma na hagu ne farko. Mutane kan yi gaggawa su ƙulle sakatar gaba kafin faifan ya zauna daidai, sai leɓen roba ya naɗe a ƙasa. Ka ajiye shi, ka duba ya yi daidai da jikin motar ta kowane ɓangare, ka bi gefen da yatsa, sannan ka kulle. Notunan hannu biyu na baya da ke jikin JK ba sa son ƙarfi. Matse su da yawa yana danne robar har ta kasa dawowa.

Sai maganar shafe-shafe. Robar ta bushe, wani ya ce a sa mata basilin, wani ya ce baƙin mai ko giris. Yawancin robobin nan na wani nau'in roba ne da ake kira EPDM, kuma duk abin da aka samo daga man fetur yana kumbura shi ya lalata shi. Za ta yi sheƙi yau, ta yi laushin banza nan gaba. A wanke ta da ruwa da sabulu mara ƙarfi, a bi kwarin da tsohon buroshin haƙori, domin ƙurar hunturu idan ta sha ruwan farko laka take zama ta toshe ramukan. Bayan ta bushe a shafa giris na silikon, siriri. Kar a rikita shi da gam ɗin silikon, shi giris ɗin ba ya daskarewa. Robar da ta tsage ko ta baje kuwa ba mai da zai farfaɗo da ita, sai sabuwa, kuma a nemi ta samfurin motar, ba ta awo da ake yankawa a kasuwa ba.

Ba kowane ruwa ne na rufi ba. Idan ƙasan kujerar fasinja na jiƙewa alhali ba a yi ruwa ba, duba bututun da ke fitar da ruwan na'urar sanyaya mota. Ganyen darbejiya ma yana toshe magudanar da ke gindin gilashin gaba. Ƙofar Wrangler kuma ana cire ta, in ba a mayar da ita daidai ba, saman ta ba zai manne da rufin ba.

Bayan an gama gyara, kar a bar kafet da danshi a rufe gilasai. Ƙasansa yana riƙe ruwa kwanaki, sai fumfuna, sai tsatsa, sai wayoyin da ke bi ta nan su fara ba da matsala. Wrangler tana da marafan roba a ƙasanta: ɗaga kafet ɗin, zare su ruwan ya tsiyaye, ka shanya kafet a rana. Faifan da ka cire kuma a jakarsu za ka ajiye su, kar ka jingina su da bango a kan gefen robar.