Yadda na gyara talabijin da ba ta ganin Raspberry Pi bayan an dawo da wuta

Alhamdu lillahi, sati biyu ina fama da wannan abu a ɗakina a Agege, jiya na rabu da shi.

Raspberry Pi 4 ce, wata 'yar ƙaramar kwamfuta da na haɗa da talabijin, na sa mata LibreELEC, wato tsarin da ke tafiyar da manhajar kallo ta Kodi, yara na kallon fina-finai a kai. Duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai allon ya tsaya baƙi ƙirin, alhali ƙaramar fitilar na'urar tana ci. Na je Computer Village, kasuwar kayan kwamfuta a Ikeja, na sayo sabuwar wayar HDMI mai kai hoto talabijin, na canza rami a bayan talabijin, duk a banza. Kuɗin mota ma asara.

Ashe Pi ɗin tana riga talabijin tashi. Tana kunnuwa sai ta nemi EDID, wato bayanin da talabijin ke turowa kan girman hoton da take ɗauka. Talabijin kuwa ba ta gama farkawa ba, sai Pi ta ɗauka babu allo.

Na fara kunna talabijin, sannan Pi, wayar tana ramin HDMI0, na kusa da wajen wuta. Da hoto ya fito, na kunna SSH, wato hanyar ba Pi umarni daga wata kwamfuta, a saitin LibreELEC, na shiga daga laftof da sunan root, wato babban asusun na'urar, na rubuta umarnin getedid create, na sake kunna Pi ɗin. Yanzu ta ajiye bayanin, ba ta jiran talabijin.

Na zare fulogi sau uku don gwaji, hoto na fitowa. In za ka canza talabijin, fara rubuta getedid delete.