Yadda za ka gyara wasanka na ces mai sauri kana haska shi kai tsaye

Samarin da ke kawo caji shagona a nan gefen Ringim, waɗanda suka kamu da wasan ces, kusan rami ɗaya suke faɗawa. Yaro ya kalli Hikaru Nakamura, gwanin ces ɗan Amurka, yana buga wasan minti ɗaya yana hira kamar yana teburin mai shayi, shi ma sai ya kunna layif a Facebook ya zaɓi 1+0, wato minti ɗaya ba ƙarin lokaci. Kafin a kira magariba ya zubar da makin da ya yi wata yana tarawa. Ya manta Nakamura yana ɗan shekara 15 ya zama giranmasta, wato babban matsayin gwanayen ces, a 2003. Ba zan tsaya koya maka tsallen doki ba, wanda ya kai ga haska wasansa ya wuce nan.

Fara da gyara agogo. Ka buga 3+2, wato minti uku da ƙarin daƙiƙa biyu a kan kowane taku. Kada ka taɓa 1+0, ko 3+0 ma ban yarda da shi ba ga mutumin ƙauye. Netwok ɗinmu da an yi hadari yake fara numfashi sama-sama, ga layif yana jan nasa rabon, ka tura sarauniya ta yi tsaye a hanya agogonka yana tafiya. Daƙiƙa biyun nan su ne jarinka. Ni a shafin ces na Lichess nake cewa kowa ya buga, don kyauta ne, babu talla, kuma binciken wasa da Stockfish, manhajar da ke nuna maka kurakuranka, ba a biyan ko sisi. Wanda ya fi son Chess.com ba zan yi faɗa da shi ba, amma kada ya zo min da kukan data.

Sai buɗe wasa. Ɗaya da fari, ɗaya da baƙi, ka riƙe su wata uku ba canji. Da fari ka ɗauki tsarin Landan: d4, bishof ya fita f4, sai e3, c3, dawakai su zauna f3 da d2. Da baƙi, in abokin karawa ya buga e4 ka amsa da c6, wato Karo-Kan. Za a ce maka wasan tsofaffi ne. Bar su. Abin da kake nema shi ne taku takwas na farko su fita daga yatsanka ba tare da kanka ya sani ba.

Yanzu ga inda na daɗe ina shan kashi: baki. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma mu Hausawa gaisuwarmu ba ta da gajeren zango. Wata rana ina gaba da sarauniya guda cur, saura min daƙiƙa arba'in, sai na ga sunan kawuna ya shigo kallo daga Legas. To wa zai ga kawunsa ya yi shiru? "Kawu, barka da yamma. An wuni lafiya? Ya iyali? Ya su Hajiya? Ya kasuwa?" Ina cikin "a gaida mutanen gida" agogona ya mutu. Abokin karawar, wani daga Indiya, ko motsin kirki bai yi ba, zama kawai ya yi na ci kaina. Kawu ya rubuto, "Ɗana, ashe ba ka iya ba." Kwana biyu ban kunna layif ba.

Abin da na koya shi ne magana tana da nata lokacin, kuma ba a kan agogonka ba. In agogonka ne ke tafiya, bakinka a rufe, idonka a kan allo. Da ka taka, lokacin ya koma wuyan abokin karawa, sai ka faɗi abin da za ka faɗa, jimla ɗaya, ka dawo. Tun kafin wasan farko ka sanar da 'yan kallo cewa gaisuwa sai tsakanin wasa da wasa, kuma ka cika alkawari, ka bi su ɗaya bayan ɗaya da sunansu, manya tukuna. Da agogo ya sauka ƙasa da minti ɗaya kuwa, ko hakimi ne ya shigo sai ya jira.

Akwai maganar da ke taimako, ita ce ta faɗin tunaninka a fili. Kafin kowane taku mai nauyi ka tambayi kanka da murya: me yake son yi min? Sau da yawa kana furta tambayar za ka hango dokinsa yana shirin kama sarki da ruk a tsalle guda. 'Yan kallo ma abin da suka zo ji ke nan, ba ihun "na gama da shi" ba.

Saƙonninsu kuma kada su kasance a kan wayar da kake wasa. Ka ari tsohuwar wayar ƙaninka, ka kife ta, sai an gama wasa ka juya. Dalili biyu ne: ido ba ya rabuwa gida biyu, sannan dole wani ya rubuto maka "ci da bishof!" In ka bi shawarar ɗan kallo a wasan maki, maguɗi ne a dokar Lichess da ta Chess.com, ana rufe asusu a kansa. Wayar wasan ka cire mata riga, don layif yana gasa ta, waya mai zafi kuwa tafiyar hawainiya take. Kada ka jona ta da caji kana haskawa, cika ta tun da rana lokacin da sola ke da ƙarfi.

Takun riga-kafi, wanda kake ajiyewa tun abokin karawa bai taka ba, ka yi shi kawai a wurin ramuwar ci ko inda taku ɗaya tak ya rage maka. A Chess.com kowane ɗaya yana cin 0.1 na daƙiƙa kuma ana jera su da yawa, a Lichess ɗaya ake ajiyewa. Masu jera su barkatai su ne ke ba da sarauniya sadaka, sauri ya haifi nawa.

Sauran ba su da wuya. Kafin ka kunna layif ka yi zagaye biyu na Puzzle Storm, atisayen warware matsalolin ces da sauri a Lichess, minti uku-uku, hannu ya yi ɗumi. In aka ci ka sau uku a jere, yi sallama ka kashe, ko mutum nawa ke kallo. Da safe ka buɗe wasa ɗaya cikin waɗanda ka faɗi, ka duba takun da ya fi cin lokacinka, ka tuna da wa kake magana a lokacin. Ranar kasuwa kuma kada ka haska da yamma, kowa na kan waya, layin ba ya ɗauka.