Yadda Malamin Jami'a Zai Shirya wa Zaman Koyarwa a Ƙasar Waje

Kowace shekara akan sami malamai daga Jami'ar Bayero da sauran manyan makarantun Kano waɗanda dama take buɗe musu ta zuwa wata ƙasa su koyar ko su yi bincike. Wani hutun sabatikal ne ya zo masa bayan shekara shida yana aiki, wani tallafin Fulbright ya samu zuwa Amurka, wani na hukumar musayar ilimi ta DAAD ko na gidauniyar Humboldt zuwa Jamus, wani kuma shirin nan na Gwamnatin Tarayya da aka kafa a 1987 ne, wanda yake tura ƙwararru ƙasashen Afirka da Karebiyan na tsawon shekara biyu. Abin da na lura da shi, a kaina da kuma a kan abokan aiki, shi ne ba kasafai ƙarancin ilimi yake ba malaminmu kunya a waje ba. Abin da yake wahalar da shi ƙananan abubuwa ne waɗanda a gida ba a ɗauke su komai ba: harafi ɗaya a cikin suna, minti goma a agogo, da irin maganar da ake yi wa ɗalibi.

Shiri daga gida yake farawa, kuma farkonsa izini a rubuce. Kada ka dogara da cewa shugaban sashe ya ce maka "Malam, je ka, babu komai," domin shugabancin sashe na wa'adi ne, mai yiwuwa kafin ka dawo wani ne a kujerar. Ka rubuta takarda ta bi ta hannun shugaban sashe da na tsangaya har ta isa inda ake amincewa, ka karɓi amsa mai ɗauke da ranar tafiya da ranar dawowa da matsayin albashinka, sannan ka karanta yarjejeniyar da za ka sa wa hannu, musamman yawan shekarun da za ka yi wa jami'a aiki bayan ka dawo. Kafin ka tashi ka gama makin jarrabawa ka miƙa sakamako, ka kuma nema wa ɗaliban da kake duba kundinsu wanda zai riƙe su. Ɗalibin digiri na biyu da aka bari shekara guda babu mai karanta masa babi, haƙƙi ne a wuyan malaminsa.

Sai maganar suna, wadda nake roƙon kowa ya dube ta tun kafin ya nemi komai. Mu a nan mutum ɗaya yana iya zama Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar digiri, Muh'd a takardar ɗaukar aiki, ga sunan unguwa ko na gari da yake bayyana a wata takarda ya ɓace a wata. Ma'aikacin da yake duba takardu a can bai san cewa duk mutum ɗaya ba ne. Ni kaina irin wannan bambanci ya riƙe mini takardun fara aiki har sati uku, ina zaune a garin mutane ina cin guzurina. Ka shimfiɗa fasfo da katin ɗan ƙasa da shaidar karatu da takardar aure da na haihuwar yara a kan tebur ɗaya, ka gwada su harafi da harafi. Inda suka saɓa, ka yi takardar rantsuwa a kotu tun kana Kano. Idan fasfonka ya kusa ƙarewa, ka je ofishin fasfo na Farm Centre ka sabunta shi, domin ƙasashe da yawa suna son ya zama da sauran aƙalla wata 6 a kansa. Idan kuma makarantar da ta gayyace ka ta nemi a tantance shaidar karatunka, hanyar ita ce Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya sannan Ma'aikatar Harkokin Waje, duka a Abuja, kuma ba aikin yini ɗaya ba ne.

Biza iri-iri ce, kuma ta ziyara ba ta halatta aiki. Bizar Shengen, wato ta haɗin gwiwar ƙasashen Turai, ta ɗan gajeren zama kwana 90 take bayarwa a cikin kowane kwana 180, saboda haka wanda zai koyar zango guda ko shekara a Jamus ko Faransa bizar dogon zama ta ƙasar zai nema. Malamin musaya zuwa Amurka bizar J-1 yake nema bayan jami'ar ta aiko masa da takardar DS-2019, kuma idan kuɗin gwamnati ne ya kai shi, akwai sharaɗin ya koma ƙasarsa ya yi shekara biyu kafin ya nemi wasu nau'o'in bizar aiki. Mai zuwa Birtaniya na fiye da wata 6 sai ya yi gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi. Waɗannan ƙa'idoji suna yawan sauyawa ga 'yan Najeriya, don haka shafin ofishin jakadancin ne abin dubawa a satin da za ka nema, ba labarin wanda ya je shekara biyar da ta wuce ba. Katin rigakafin shawara kuwa ka sa shi cikin fasfo ka bar shi a can.

Albashin farko yakan makara, domin sai ka yi rijistar wurin zama, ka buɗe asusun banki, ka shiga inshorar lafiya kafin a fara biyanka. A Jamus doka ta ce a yi rijistar adireshi cikin kwana 14 da shiga gida, kuma mai gida yana da ikon karɓar kuɗin ajiya har na hayar wata uku. Ka riƙe abin da zai ɗauke ka wata biyu. Idan ka yi canji a Wapa, ka tuna cewa tsabar kuɗin da ta kai Yuro 10,000 sai an bayyana ta a bakin shiga Tarayyar Turai. Tun kana gida ka tambayi ofishin baƙi na jami'ar ko suna da masaukin malamai, ko da ya fi tsada, domin neman ɗakin haya a birnin da ba ka jin harshensa aiki ne mai cin rai.

A kan kaya maganar gajeriya ce. Rigar sanyi mai kauri ɗaya da takalmi rufaffe daga Ƙofar Wambai sun isa ranar sauka, sauran ka saya a can. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji daga Kasuwar Rimi a ɗaure su da kyau, kuma a bayyana su idan an tambaya. Kilishi da dambun nama kuwa a bar su a gida, domin Turai da Amurka duk sun hana matafiyi shiga da nama. Ka ɗauki manyan kayanka da hula, za su yi maka rana a ranar taro.

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe, wato aji. Shawarata ita ce kafin ka tsaya gaban ɗalibai ka nemi izinin wani malami na sashen ka zauna a bayan ajinsa sau biyu ko uku, kana kallo kawai. Hausawa suna cewa matambayi ba ya ɓata, kuma farfesan da ya zama baƙo ya fi kowa bukatar tambaya, domin girmansa yakan sa a ji nauyin gyara masa. A wannan zama za ka ga abubuwan da babu takardar da ta rubuta su. A jami'o'in Jamus da yawa, idan an sa ƙarfe 10 a jadawali aka biyo da haruffan c.t., darasi ƙarfe 10:15 zai fara. Idan ka gama lakca ɗalibai suka hau ƙwanƙwasa tebur, godiya suke yi, ba ƙorafi ba. A Amurka da Ingila ɗalibi yana iya kiranka da sunanka na yanka, ya katse ka a tsakiyar bayani ya ce bai yarda ba. Mu da muka saba ɗalibi ya rusuna ya karɓi jakar malam, wannan yana sukar zuciya a makon farko, amma ba raini ba ne. A wurinsu ɗalibin da ya yi musu shi ne wanda ya karanta.

Tsarin darasi da kake raba wa ɗalibai a ranar farko alkawari ne tsakaninku. Abin da ka rubuta na littattafai da ranar gwaji da yadda za a raba maki, shi za a riƙe ka da shi, kuma ba ka da damar ɗaga lakca zuwa ranar Asabar don ka yi tafiya. Ka ware sa'o'in ganin ɗalibai a ofis, ka zauna a cikinsu ko da babu wanda ya zo, ka bar ƙofa a buɗe. Kada ka karɓi kyauta daga ɗalibi kafin a fitar da sakamako, kada ka aike shi sayen abinci, kada kuma ka liƙa sakamako da sunaye a allon sanarwa, domin a Amurka doka ce ta kare sirrin makin ɗalibi. Shi kansa makin sai ka sake koyon ma'aunin. A wurinmu da Birtaniya 70 ita ce daraja ta ɗaya. A yawancin jami'o'in Amurka sai an kai 90, har wani abokin aikina ya ba wata ɗaliba 72 da nufin yabo, ita kuwa ta zo ofis idonta ya cika da hawaye. A Jamus 1.0 ce mafi kyau, 4.0 ce iyakar tsira. A ƙarshen zango ɗalibai za su auna koyarwarka a rubuce ba tare da sun sa suna ba, kuma hukuma tana karantawa.

Wanda zai je koyar da Hausa yana da ƙarin aiki. Ana nazarin harshen a Hambug da Waso da Nafoli da Faris da Beijin, kuma ɗaliban can da nahawu suke shiga harshe. Za su tambaye ka me ya raba kuka na hawaye da kuka ta miya, me ya raba gari na mutane da gari na tuwo, kuma "haka muke faɗa" ba amsa ba ce. Na farko karin sauti ne, na biyu tsawon wasali, kuma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya. Ka koma ka yi bitar yadda ake sa alamar karin sauti, da rukunan aikatau guda 7 na tsarin Parsons, masanin nahawun Hausa, kafin ka hau jirgi.

Addini ma yana bukatar shiri. A bakinmu gabas da alƙibla abu ɗaya ne, amma daga Jamus alƙibla kudu maso gabas take, daga Amurka arewa maso gabas, daga Maleshiya kuwa yamma ake fuskanta. Kano ba ta da nisa sosai da layin ikwaita da ya raba duniya biyu, shi ya sa lokutan sallarmu ba sa yin nisa da inda muka san su. A arewacin Jamus a watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen 8:30, kuma wajen ƙarfe 4 na yamma ta faɗi, ta yadda Azahar da La'asar da Magariba duk suna iya faɗawa cikin lokacin aiki. A watan Yuni kuwa sai kusan ƙarfe 10 na dare ake Magariba. Ka karɓi jadawalin masallacin unguwa ka bi shi. Juma'a ranar aiki ce, don haka tun ana tsara jadawalin darussa ka roƙi a bar maka tsakar ranar, domin abin da yake da sauƙi a watan Yuli yana da wuya a Oktoba bayan an fara karatu. Naman halal yana samuwa a shagunan Turkawa da Larabawa da 'yan Pakistan. Idan ba ka yin hannu da mata, ko ke Malama ba kya yi da maza, a ɗora hannu a ƙirji tare da fara'a da gajeren bayani tun haɗuwar farko, kada a bar mutum da hannu a miƙe.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kaɗaici. Mutumin da ya saba da majalisa bayan La'asar, da ɗaurin aure ranar Asabar, da maƙwabcin da zai yi sallama ba tare da sanarwa ba, zai tarar da kansa a gidan da ake son shiru daga ƙarfe 10 na dare, a garin da shaguna suke rufe ranar Lahadi. Duhun hunturu yana ƙara nauyin abin. Ka amsa gayyatar abokan aiki zuwa cin abinci, ka faɗa musu tun farko abin da ba ka ci da abin da ba ka sha, ka nemi 'yan uwa 'yan Najeriya da Nijar da Gana a masallaci, amma kada su zama su kaɗai ne mutanenka. Ka koyi gaisuwa da godiya da ƙirga a harshen ƙasar. Idan da iyali ka tafi, ka tuna cewa kai kana da ofis, uwargida kuwa tana iya wuni ba ta yi magana da kowa ba, don haka ajin koyon harshe gare ta ba ƙawa ba ne. Idan kuma a gida ka bar su, ka tsayar da lokacin waya, ka lura cewa agogon Turai yana sauyawa a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, namu kuwa yana nan inda yake.

Za a tambaye ka game da Boko Haram, da auren mace fiye da ɗaya, da almajirai, wani lokaci a tsakiyar cin abinci. Yawancin masu tambayar sani suke nema. Ka ba da amsa irin ta malami, ka faɗi gaskiya ko da ba ta yi mana daɗi ba, ka kuma faɗi abin da ba su taɓa ji ba game da Kano, kamar marinar Ƙofar Mata da kasuwar Kurmi da ɗakunan karatun da suke cike da rubuce-rubucen ajami.

Dawowa ma wani ɓangare ne na tafiyar. Tun da wuri kafin ka taso ka sanar da mai gida a rubuce bisa wa'adin da yarjejeniyar haya ta ɗiba, ka soke rijistar adireshi da inshora, ka karɓi takardar shaidar aikin da ka yi mai ɗauke da sa hannun shugaban sashen. Ka zauna da wanda ya gayyace ka ku tsayar da abu ɗaya da zai ci gaba, ko maƙala ta haɗin gwiwa, ko gurbi ga wani ƙaramin malami daga sashenku. Da ka sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano ka huta, ka rubuta takardar komawa aiki da rahoton abin da ka yi, ka kai su da hannunka, sannan ka nemi a ba ka rana a taron ƙara wa juna sani na sashe ka yi wa abokan aiki bayanin hanyar da ka bi, da sunan ofishin da za su rubuta wa.