Yadda Nake Mayar da Tsohuwar Langa Zanen Zamani

In za ka mayar da tsohon kaya zane, abu guda za ka zaɓa, kada ka tara. Ni kayan jeren iyayenmu mata ne suka fi kama min zuciya: langa, samira, faranti mai jan baki da furanni. Wani kuma kaset ne, ko fastar fim ɗin Indiya irin wadda a da ake liƙawa a ƙofar sinima. Kada ka raina abin don ya zama na kowa da kowa. A 1962 mai zane Andy Warhol ya baje zane 32 na gwangwanin miyar Campbell's a Amurka, har yau ana maganarsu.

Ka nemo ainihin abin ka ajiye a gabanka, ban da hoton waya. Ɗauki langar ka juya ta a hannu. Farinta ya dishe ya koma kamar madara, jan furen ya koɗe ta gefen da aka fi gogewa, ga baƙin tabo inda fentin ya ɓantare, tsatsa ta kewaye shi. Wannan tabon shi nake fara nema, don shi ke nuna an ci abinci a cikinta shekara da shekaru. Daga nan ka tsamo launi uku ko huɗu, ka tsaya a kansu.

Shimfiɗar da za ka yi zanen a kanta ba ta da wuya. Kafinta ya haɗa maka firam, ka ja yadi mai kauri ka ɗame shi da ƙusa. Ka gauraya farin fentin bango da farin gam na kafintoci, ka shafa sau biyu, sai na farko ya bushe ka ƙara.

Yanzu ka ture langar gefe. Da babban buroshi, ko soso, ko tsohon katin roba, ka shimfiɗa launukan nan manya-manya ba tare da ka zana komai ba: da'ira, rabin da'ira, layin da ya ratsa ya ɓace. Wannan shi ne zanen da ba ya kwaikwayon siffar wani abu, kuma ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya tsaya ya kalli adon bangon tsofaffin gidajen Zariya da Kano, ko aikin allurar babbar riga, ya san yadda layi da lanƙwasa ke magana su kaɗai. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, abin da suka dage a kai ke nan: a koyi dabarar waje, a gina ta a kan ta gida.

Fentin akirilik nake amfani da shi, amma lokacin hunturu kafin ka juya ya bushe a kan farantin da kake haɗa launi. Ka riƙa matso kaɗan-kaɗan, kana yayyafa ruwa.

Bayan ƙasan ya bushe sai ka dawo da langar, amma ba gaba ɗayanta ba. Nan ne mutane da yawa ke ɓata aiki, su zana kwano cikakke har da murfi, ya zama talla. Ka ɗauki fure ɗaya da ɓangaren baki. Zana furen a kwali, ka yanke da reza, ka ɗora a kan yadin ka daddanna fenti da soso. Maimaita shi wuri uku: ɗaya ya fito sosai, ɗaya ka rufe rabinsa da fari mai ruwa-ruwa, na ukun ka goge shi da samfefa har sai launin ƙasa ya leƙo. Ina so mai kallo ya ɗan yi jim kafin ya ce, “Kai, wannan ai irin kwanon kakata ne.”

Tabon tsatsar shi ne na ƙarshe, da ƙaramin buroshi, baƙi da ruwan ƙasa. Ka jingine zanen kwana biyu, ka kalle shi daga nesa, in babu abin da ke damun idonka ka shafa banish marar ƙyalli don ƙura.