Yadda Mai Jinya da Kiɗa Zai Riƙa Bitar Kansa Bayan Kowane Zama

Da zarar majiyyaci ya fita, ware minti 10 kafin wani ya shigo. In ka bari sai dare, labarin da ƙwaƙwalwa ta gyara za ka rubuta, ba abin da ya faru ba.

Raba shafi gida biyu. A hagu, rubuta abin da ido da kunne suka shaida kawai: wane abin kiɗa ya ɗauka, yaushe ya ƙara sauri, shirunsa ya kai daƙiƙa nawa. A dama, abin da ka ji a ranka da jikinka: gajiya, haushi, ɗokin cike shiru. Nan masu koyo ke yawan tuntuɓe. Sai su rubuta "ya ji daɗi" a hagu, alhali hasashe ne.

In ka naɗi zaman da rubutaccen izini, kada ka saurara duka. Zaɓi minti 2 da kiɗan ya sauya. Wa ya fara sauya kari, kai ko shi? Idan kullum kai ke janyo kiɗan zuwa salon da hannunka ya saba, buƙatarka kake biya, ba tasa ba.

Tsarin bitar kai da masanin koyarwa Graham Gibbs ya fitar a 1988 yana da matakai 6, kuma na ƙarshe shi ne shirin aiki. Rubuta abu ɗaya tak da za ka canza.

Abin da ya maimaitu sau uku, kai wa ƙwararren da ke duba aikinka. A littafinka kuwa, sa lamba maimakon sunan majiyyaci.