Yadda ake ceto kiɗan makaɗin filin wasa bayan rasuwarsa

A Amurka filayen wasan besbol da yawa suna da makaɗi na dindindin mai buga ogan, wato kayan kiɗan nan mai madannai irin na fiyano. Filin Wrigley na Shikago ya fara wannan al'ada a 1941. Eddie Layton, wanda ya daɗe yana yi wa ƙungiyar Yankees kiɗa, ya rasu a 2004, kuma kiɗansa yana nan a faifai. Namu makaɗan na Sudan ba su da wannan gata. Mai ganga ko kalangu da ke tsayawa bakin filin ƙwallo a Mai Wurno, Gadarif ko Wad Madani, yana yi wa kowane ɗan wasa takensa, idan Allah ya yi masa rasuwa abin da ya bari bai wuce 'yan kaset a cikin kwali da guntayen bidiyo a wayoyin mutane ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 kuma, kwalaye da yawa sun salwanta a hanyar gudun hijira.

Kada a tayar da maganar a zaman makoki. A bari sai an watse, sannan a tura dattijo ya sami babban magaji. Kaset ɗin kayan gado ne, aro za a yi, a rubuta adadinsu a gaban shaida. Idan iyalan ba sa son a yaɗa kiɗan mamacin, a kwafa musu su ajiye, a tsaya nan.

Da kaset ya shigo hannu, fara da karye ɗan harshen robar da ke samansa, don kada wani ya danna jan maɓalli ya goge. Duba ta tagar tsakiya: farin ɗigo-ɗigo a jikin zaren funfuna ne, a ware shi daban, zai ɓata rikoda ya shafi sauran. Duba kuma ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren a bakin kaset. Idan ya faɗi, sauti zai fito a dushe, sai a ciro na wani kaset mara amfani a manna. Kaset ɗin da ya shekara ashirin a zafin Sudan zarensa kan manne da juna, saboda haka a juya shi da biro a hankali, sannan a tura shi ƙarshe a dawo da shi farko kafin a kunna. Idan zaren ya tsinke, ban da salatef, gam ɗinsa yana narkewa ya bi sauran zaren. Akwai siririn tef na haɗa zare, shi za a nema.

Rikodar ma sai an yi mata hidima. A tsoma auduga a sifirit a goge kan ƙarfen da ke karanta zaren, a bar shi ya bushe minti biyu. Ƙurar habub, wato guguwar ƙura ta Sudan, tana taruwa a nan. A gwada da kaset ɗin da ba a damu da shi ba. In murya tana lilo, bel ya saki ne, a canza shi. Rikoda mai cin zare kuwa tayar robarta ce ta taurare.

Kuskuren da aka fi yi shi ne kanga waya a bakin lasifika. Ganga ce ke fara mutuwa a haka, kaurin muryarta ya tafi, a samu kukan fanka a madadinsa. A haɗa rikoda da kwamfuta da igiya mai kai milimita 3.5, ta ramin shigar da sauti, ba na makirfo ba. Idan kwamfutar ba ta da shi, ƙaramin katin sauti na USB ya wadatar. Manhajar ɗaukar sauti ta Audacity kyauta ce. A saita 44,100 Hz da 16-bit, a nemo inda gangar ta fi ƙarfi a daidaita ma'auni kada ya haura -6 dB, domin sautin da ya fashe ba ya gyaruwa. Idan aka ji gurnani a ƙarƙashi, na wutar lantarki ne, a zare caja a yi aiki da batir. Kaset C60 minti 30 ne kowane gefe, C90 minti 45. A ɗauki gefe guda ɗungurungum, ba tsayawa.

A ajiye a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, wanda awa ɗaya ke cin kusan megabait 635. Wannan shi ne uwa, ba a taɓa shi. Duk wani rage hayaniya a yi shi a kan kwafi, kuma da sauƙin hannu, don tacewa mai yawa tana cinye ihun 'yan kallo, alhali rabin daɗin ke nan. MP3 na rabawa ne kawai. Masu bidiyo a waya su turo ta WhatsApp a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar za ta matse shi.

Saura aikin da kwamfuta ba ta iyawa. Take ba shi da suna a jikinsa. A tara tsofaffin 'yan wasa biyu ko uku a kan shayi, a kunna musu, su faɗi na wane ne, a wane fili, da abin da gangar ke cewa. A ɗauki hirar tasu ita ma. Inda suka saɓa, a rubuta maganar kowa. Sunan kowane fayil ya ɗauki lambar kaset, gefe, gari da shekara.

Kwafi uku ake yi: ɗaya wurin magada, ɗaya wurin ƙungiyar ƙwallon, ɗaya wurin ɗan'uwa a wata ƙasa, ko Jidda ko Kano. Filasha tana mutuwa ba sallama, a riƙa buɗe ta duk shekara ana sake kwafa. Kaset ɗin kuma a mayar wa masu shi a cikin ɗan akwatinsa na roba, a tsaye, nesa da rana da lasifika, saboda maganaɗisun da ke cikinta.